Babu wanda ya yi wa Jessie Buckley maguɗi, talla kuka kalla

To, ya isa haka. Tun da jaruma Jessie Buckley ta fara kwashe kyaututtuka da fim ɗin Hamnet kuka tono guntun bidiyon nan na 2008 kuna ta yawo da shi, na gasar talabijin ta I'd Do Anything da aka yi don neman wadda za ta fito a matsayin Nancy a wasan dandamali na Oliver!, inda ta zo ta biyu, Jodie Prenger ta ci. Kowa ya ɗora sai ya rubuta a ƙasa wai dubi yadda jama'a suka yar da gwana suka ɗauki wadda ba ta kai ba. Yau da safe har na ga wani bawan Allah ya haɗa hotonta da na Jodie Prenger gefe da gefe, ya sa alamar dariya a ƙarƙashin na Jodie, mutane suna ta tururuwa suna tofa albarkacin bakinsu. Haba jama'a! Matar nan me ta tsare muku? Gasa aka sa, ta shiga, ta rera, mutane suka buga waya suka zaɓe ta. Laifinta ke nan?

Ni abin da ya fi ba ni haushi ma ba cin mutuncin ba ne. Yadda kuka ɗauki shirin nan da gaske, kamar wani kwamitin tantance gwanaye ne da ya yi kuskure, shi ne ya tsaya min a rai. I'd Do Anything talla ce. Talla ce aka yi wa wasan Oliver! kowane daren Asabar a tashar BBC One, daga watan Maris har ƙarshen Mayu. Duk wanda ya fahimci wannan ba zai sake tambayar me ya sa Jessie ta zo ta biyu ba, domin tun asali ba a kafa shirin don a gano wadda za ta fi kowa ɗaukaka bayan shekara goma sha ba. An kafa shi ne don a cika kujerun gidan wasa na Drury Lane, kuma kujerun sun cika. An ruwaito cewa tikitin da aka sayar tun kafin a buɗe wasan ya kai na fam miliyan 15. Ku gaya min, a ina shirin ya gaza?

Ku koma baya kaɗan ku ga yadda abin ya samo asali. A 2006 Andrew Lloyd Webber, mai tsara wasannin waƙa na dandamali, yana shirin sake ɗora The Sound of Music a gidan wasa na London Palladium, yana neman babbar tauraruwa da sunanta kaɗai zai ja 'yan kallo. An yi ta magana da Scarlett Johansson, abin bai yiwu ba. Sai aka ce to, tunda ba mu samu shahararriya ba, mu ƙera tamu. Aka shirya gasa a talabijin, Graham Norton yana gabatarwa, aka yi makonni ana nuna wa miliyoyin mutane 'yan mata suna rera waƙa, suna kuka, suna rungumar iyayensu. Ranar da Connie Fisher ta ci, duk Birtaniya ta san fuskarta. Shekara ta zagayo aka maimaita da Joseph, Lee Mead ya ci. Aka maimaita da Oliver! a 2008, aka maimaita da The Wizard of Oz a 2010, Danielle Hope ta ci. Tashar ITV ma ta ga ana ci babu ita, ta yi nata na Grease a 2007, ta yi na Jesus Christ Superstar a 2012. Kuna tsammanin gwanaye ne suka ƙare a Landan har sai an fita neman su da kyamara duk shekara? Birnin da makarantun koyon wasa ke yaye ɗalibai duk shekara, mafi yawansu suna zaune babu aiki?

Kuma ba ni na fara faɗa ba. Kevin Spacey, lokacin yana jagorantar gidan wasa na Old Vic, ya fito fili a 2008 ya ce wannan shiri tallar mako 13 ce ake yi wa wasa guda, ya tambaya ina nasu shirin. Ku ajiye ra'ayinku game da mutumin a gefe, ni ma ina da nawa. A wannan maganar dai gaskiya ya faɗa. BBC tasha ce da ba ta sa talla, talakawan Birtaniya ne ke riƙe da ita da kuɗin lasisin talabijin da suke biya. Sai ga shi ta ɗauki lokacinta mafi tsada ta miƙa wa attajirai biyu kyauta, wato Lloyd Webber da Cameron Mackintosh mai shirya wasan Oliver!, suna tallata hajarsu, mai kallo kuma ya ƙara da kuɗin bugun waya, in an buɗe wasan ya hau jirgin ƙasa zuwa Landan ya sayi tikiti. Kai, wallahi wanda ya tsara wannan ya san kasuwa.

Na san abin da za ku ce. Za ku ce ai jama'a aka ba wuƙa da nama, su suka zaɓa. Wace wuƙa? Dubbai suka je gwaji, ma'aikatan shirin suka tace, suka sake tacewa, suka fito da goma sha biyu. Kowane mako biyun da suka fi ƙarancin ƙuri'a za su tsaya su rera, Lloyd Webber yana zaune a kan wata kujera mai kama da karagar sarki, shi zai ce wannan ta zauna, waccan ta tafi gida. Sai a daren ƙarshe ne kawai aka sakar wa masu kallo linzami, bayan an tabbatar duk wadda ta rage za a iya sayar da tikiti da ita. Kamar ka shiga shagon mai atamfa ne ya zaro turmi uku ya shimfiɗa ya ce zaɓi ranka ya daɗe. Duk wanda ka ɗauka, kuɗin aljihunsa za su. Wani abin lura kuma, a wannan shirin na 2008 ana neman yaran da za su fito a matsayin Oliver, shi da wasan ke ɗauke da sunansa. Su waye suka zaɓi yaran ukun? Masu shirya wasan ne da kansu. Ba a tambayi masu kallo ba.

Za ku ce to ai Lloyd Webber da Cameron Mackintosh da bakinsu suka ce Jessie suke so a daren ƙarshe, jama'a suka ƙi. Haka aka yi, ban musa ba. Sai me? Mackintosh ya yi asara? Ya samu Nancy ɗin da masu kallo suka ce suna so, wato wadda za su biya kuɗi su zo gani. Ya ɗora Rowan Atkinson a matsayin Fagin ya ƙara cika gidan. Ita Jessie kuma aka yi mata tayin ta zama mai jiran ko-ta-kwana, in Jodie ba ta da lafiya ta hau. Ta ce ta gode. Ta tafi wani ƙaramin gidan wasa ta yi A Little Night Music a hannun Trevor Nunn, daga baya ta shiga makarantar koyon wasa ta RADA ta zauna ta yi karatu, ta gama a 2013.

A nan ne nake so mu yi maganar gaskiya, in ajiye zolaya.

Yarinyar da kuke gani a bidiyon nan shekararta 18, daga garin Killarney na ƙasar Ireland ta taso. Murya akwai, ba a magana. Amma matar da ta ci kyautar Olivier a 2022 da wasan Cabaret, wadda aka sa sunanta cikin masu neman Oscar a waccan shekarar ta 2022 saboda The Lost Daughter, ba daga daren Asabar na BBC ta fito ba. Shekara da shekaru ta yi tana koyo, tana ƙananan ayyukan da babu wanda ke ɗora bidiyonsu yanzu. Ku da kuke cewa jama'a ba su da ido, kuna kallon 2008 ne da idon yau. Da ku ne zaune a falo a daren nan da waya a hannu, ga mace mai shekara 28 daga Blackpool da ta sha rera waƙa a gidajen nishaɗi har muryarta ta nuna, ga kuma yarinya ɗanya shakaf, aka ce ku zaɓi wadda za ta fito a matsayin Nancy, matar da duniya ta gama gasa wa aya a hannu, wallahi da yawanku Jodie za ku danna wa. Kuma ba ku yi laifi ba. Ta hau dandamalin ta yi aikinta, ta ci gaba da samun manyan wasanni shekara da shekaru, tun 2022 kuma tana cikin shirin talabijin na Coronation Street. Wannan ce kuke wa dariya? Nawa ne a cikin waɗanda suka je gwaji tare da ita suke cin abinci da sana'ar har yau?

Abin da ƙuri'ar waya ba ta iya aunawa shi ne ainihin aikin. Mu da muka saba da finafinan da jaruma ke motsa baki wata daban ta rera a sutudiyo, zai yi mana wuya mu gane nauyin abin. A gidajen wasan Landan sau takwas ake yin wasa a mako, da muryarka, a gaban mutane, babu a tsaya a sake, wata da watanni. Waƙar minti biyu a talabijin ba ta gaya maka ko maƙogwaro zai jure wannan. Connie Fisher ta fara da takwas ɗin, cikin 'yan watanni likita ya sa ta hutu, aka mayar da ita shida. Daga baya aka gano wata matsala ce a maƙogwaronta da aka haife ta da ita, a 2011 ta haƙura da matsayin Maria na The Sound of Music gaba ɗaya. Ba na ɗora wa shirin alhakin lalurarta. Amma miliyoyin da suka yi mata kuka a 2006 suna ina a 2011? Sun koma kallon wata gasar. Talla ta gama aikinta.

Sai kuma tatsuniyar da ta fi kowacce daɗin ji, wai shirin yana ɗauko talaka daga titi ya mai da shi tauraro. An yi ta nanata cewa Connie Fisher tana aikin sayar da kaya ta waya ne kafin ta ci. Gaskiya ne, amma ta riga ta gama makarantar koyon wasa ta Mountview, aikin ne bai samu ba. Lee Mead yana cikin tawagar The Phantom of the Opera, wasan Lloyd Webber ɗin da kansa, lokacin da ya shiga gasar. Wato mutum yana cikin gidanka yana maka aiki, sai ka tara ƙasa baki ɗaya ta taya ka gano shi. Madalla da wannan bincike.

Wani zai ce ai shirin ya sa matasa sun fara zuwa gidan wasa, kuma wani ɓangare na kuɗin wayar ya tafi ga tallafa wa masu koyon sana'ar. To, Allah ya saka. Talla mai kyau ma tana kawo sababbin masu saye, shi ya sa ake yin ta. Wani kuma zai ce Samantha Barks fa, ba shirin ne ya fito da ita ba? Ta uku ta zo. Mackintosh ya gan ta, ya ajiye ta a ransa, daga baya ta fito a matsayin Eponine a fim ɗin Les Misérables na 2012. Kun gani ko? Mai kaya ya san abin da yake so, kuma ba ya jiran ƙuri'arku kafin ya ɗauka. A 2023 ma da ITV ta farfaɗo da tsarin don wasan Mamma Mia!, aka kwashi matasa zuwa tsibirin Corfu na Girka, ita Samantha ɗin ce zaune cikin alƙalai. Alƙalan suka yi ta sallama har aka zo daren ƙarshe, sannan aka buɗe wa jama'a layi, Stevie Doc da Tobias Turley suka ci. Shekara goma sha bakwai, babu abin da ya canza sai teku da aka ƙara a bayan hoto.

Don haka ku ci gaba da murnar Jessie, ni ma ina yi, amma ku sauke hoton baiwar Allah nan. Wanda ya haɗa shi ya san kansa, kuma na san yana karanta wannan.

Af, tunda ana maganar Jodie. Kun san a gasar 2010 ta The Wizard of Oz har kare aka nema? Wallahi ba wasa nake ba. Ana neman Dorothy, sai aka ce a haɗa da karen da zai fito a matsayin Toto, kuma Jodie ce aka sa a gaba wajen neman. Mutane suka yi layi da karnukansu, an yi musu wanka an taje su. Wanda ya ci ɗin ma wasa ɗaya tak aka yi masa alkawari, sauran darare karnukan da aka horar ne suka yi aikin. A wannan shirin ne kuma duk yarinyar da aka sallama sai a miƙa wa Lloyd Webber takalmanta, a ɗora ta a kan wani jinjirin wata na ƙarya a ja ta sama tana rera waƙa tana hawaye. Don Allah in akwai mai wannan bidiyon ya turo min, shi ya kamata a ce yana yawo yau.