Ɗigon jini ba ya ganin tsagewar jijiya

Sau uku cikin mako guda ana turo mini saƙon nan a WhatsApp: wai an samu 'yar na'urar da za a ɗiga wa jini a gefen gadon majinyaci, cikin mintuna ta faɗa ko babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya ta tsage. Na ukun wani mai ɗakin gwaji ne a Sabon Gari ya turo, har da alamar tafi. Nan haƙurina ya ƙare.

Gwajin D-dimer ne, kuma ba yau aka san shi ba. Ɓurɓushin gudan jinin da jiki ke narkarwa yake aunawa. In bangon cikin jijiyar ya tsage, jini ya kutsa tsakanin bangayen, ɓurɓushin kan hau. To amma zazzaɓin cizon sauro ma yana ɗaga shi. Juna biyu na ɗaga shi, haka sikila, haka tsufa, haka wanda bai daɗe da tiyata ba. Ka tsaya a ɗakin gaggawa a Zariya cikin watan Agusta ka ƙirga mutum nawa ne ba su da ko ɗaya a ciki. Na'urar za ta yi ta nuna kusan kowa, sai a ce duk a je hoton CT. Wa zai biya?

Masu tallan suna kafa hujja da binciken ADvISED na 2018, amma rabinsa suka karanta. Likitocin sai da suka fara auna haɗarin majinyaci ta hanyar tambaya da duba jiki. In haɗarin ƙarami ne, kuma D-dimer bai kai 500 ba, sannan suke cewa da wuya tsagewa ce. Kore zato gwajin yake yi, ga mai ƙaramin haɗari kaɗai. Bai taɓa tabbatar da cutar ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sakamakon da ya fito "lafiya". Dattijo ya shekara goma da hawan jini, ya zo yana zufa, yana cewa kamar ana yaga masa ƙirji, ciwon ya ratsa har tsakanin kafaɗu. Wannan ba tsinin allura yake jira ba. In aka ga ɗigon bai nuna komai ba aka ce, "Baba, olsa ce," aka sallame shi, an gama da shi. Idan tsagewar kusa da zuciya take, haɗarin mutuwa na ƙaruwa da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 duk awa a kwanakin farko.

Wasu za su ce da babu gara ba daɗi. Wannan magana ce ta kasuwa, ba ta ɗakin majinyaci ba.

Na'urar awon hawan jini tana kusan kowane kemis daga Tudun Wada zuwa Samaru. A koya wa ma'aikata su auna hannu biyu. In bambancin ya wuce 20 ga mai irin wannan ciwo, kada a ba shi maganin tsinka jini, a miƙa shi asibitin koyarwa na Shika nan take. Kuɗin na'urar ɗigon kuwa a saka shi a maganin hawan jini, tunda hawan jinin ne kan gaba wajen raunana jijiyar. Kawuna ya ajiye nasa maganin tun azumi, wai kansa ya daina ciwo, har yau muna fama da shi.