Mara lafiya ba ya taya

Kasuwa tana tafiya daidai ne idan mai saye zai iya juya baya. Ka taya, ba a sallama ba, ka wuce gaba. To, wanda aka kinkimo tsakar dare yana numfashi sama-sama, ina zai wuce? Bai san ciwonsa ba, bai san maganinsa ba, kuma mai gaya masa abin da yake bukata shi ne mai karɓar kuɗin. Tun 1963 masanin tattalin arziki Kenneth Arrow ya nuna cewa wannan giɓin na sani shi ya raba harkar jinya da sauran ciniki.

Amurka ta fi sauran ƙasashe masu arziki sakar wa kasuwa ragama. Tana kashe kusan kashi 17 cikin ɗari na abin da take samarwa a shekara kan lafiya, amma har yau miliyoyin mutanenta ba su da inshora, kuma tsawon ransu bai kai na Faransawa ba. Ita kanta, da ta ga kamfanonin inshora ba sa marmarin tsofaffi, sai ta kafa musu Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati, a 1965.

Ba ina cewa gwamnati waliyyiya ba ce. Birtaniya ta kafa NHS, hukumar kiwon lafiya ta ƙasa, a 1948, ana jinya da kuɗin haraji, ba a tambayar ko sisi a bakin ƙofa. Sai dai a 2023 jerin masu jiran magani a Ingila ya haura miliyan 7. Wanda ƙugunsa ya hana shi barci wata goma sha biyu, ai ya biya, ko da bai zaro komai daga aljihu ba.

Shi ya sa nake ganin gardamar wa ya mallaki asibiti ɓata lokaci ce. Abin dubawa shi ne yaushe ake biya, kuma wa ke ɗaukar nauyin wa. A Jamus, wadda ta fara inshorar ma'aikata zamanin shugaban gwamnatinta Bismarck a 1883, likitoci masu zaman kansu sun cika gari, amma doka ta tilasta wa kowa shiga inshora, kuma yawancin mutane gwargwadon albashinsu suke zubawa. Mai lafiya ya tallafi mara lafiya kafin tasa ranar ta zo.

Masu cewa sai ƙasa ta yi kuɗi tukuna, su leƙa Thailand. A 2002 ta shimfiɗa tsarin da ya haɗe kowa, talaka ya ga likita da baht 30 na kuɗin ƙasar, alhali a lokacin ba ta daɗe da fita daga rikicin kuɗin Asiya na 1997 ba.