Sabuwar Golf da gardamar aro a majalisun Sakkwato

Tun da kamfanin Volkswagen ya fito da sabon samfurin Golf a farkon shekarar 2024, wato shekarar da motar ta cika shekara 50 da fara ƙerawa, matasanmu masu sha'awar motoci a nan Sakkwato ba su huta da gardama ba. Duk sa'ad da ƙura ta so lafawa sai kamfanin ya sake jefo wani abu ta sake tashi, kamar GTI Edition 50 mai ƙarfin doki 325, wadda aka yi domin cikar GTI, wato samfurin Golf mai gudu, shekara 50. Wani dare bayan sallar isha'i na zauna a majalisarmu a Mabera fiye da awa guda ina sauraron samari biyar suna ce-ce-ku-ce a kan wannan batu. Ɗayansu ya ɗaga waya ya ƙure sauti domin kowa ya ji rugugin salansar motar a wani bidiyon tsere, sauran suka sunkuyo suna jinjina kai. A daidai lokacin wata tsohuwar Golf 3 ta gifta ta gabanmu, an danƙare ta da buhunan albasa har an ɗaure murfin baya da igiya, gindinta na neman taɓa kwalta, kuma babu wanda ya ɗaga kai ya dube ta. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Bangarorin gardamar sanannu ne ga duk mai bin waɗannan abubuwa a Facebook ko TikTok. Wasu na juyayin cewa an cire giyar hannu daga GTI, yanzu sai giyar DSG mai canza kanta, kuma a cewarsu an kashe ruhin motar ke nan ko da an ƙara mata ƙarfi zuwa doki 265. Wasu kuma na cewa GTI ta zama wasan yara tunda ga Golf R mai doki 333, wadda ke ja da ƙafa huɗu, take kai gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa 4.6, alhali GTI sai ta ci daƙiƙa 5.9. Akwai masu cewa duk a bar su a koma wa Honda Civic Type R tunda ita har yanzu da giyar hannu take zuwa. Alƙaluman nan duk gaskiya ne, kuma samarin sun haddace su fiye da yadda suka haddace karatun makaranta. Abin da ke damuna shi ne gardamar gaba ɗayanta ta aro ce: an ɗauko ta daga bakin Bajamushe da Baturen Ingila, an sauke ta a Sakkwato ba tare da an tambayi ko ta yi daidai da mu ba.

Bajamushen da ke auna bambancin daƙiƙa ɗaya da ɗigo uku yana da dalilinsa. A ƙasarsa akwai manyan hanyoyin da wasu sassansu ba su da iyakar gudu, akwai kuma filin tsere na Nürburgring mai tsawon fiye da kilomita 20, inda mutum ke biyan kuɗi ya shiga da motarsa ya gwada ta. Mu a nan dokar hanya ta tsayar da ƙaramar mota a kilomita 100 a tagwayen hanya, 80 a babbar hanya, 50 a cikin gari, kuma wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Gusau ta Tureta da Talata Mafara ya san ramuka da shingayen jami'an tsaro da dabbobin da ke tsallake titi su ne ke yanke masa gudun da zai yi. GTI ta fi Golf ta gama-gari kusanci da ƙasa da milimita 15, R kuma da milimita 20, ga tayoyi sirara a kan ƙafa mai faɗin inci 18 ko 19. Motar da aka gina haka, tudun rage gudu guda ɗaya na cikin unguwa ya isa ya kankare mata ciki, kuma damina ɗaya a lungunan Mabera ta isa ta nuna wa mai ita kuskurensa.

Za a ce ai mafarki kyauta ne, kuma babu laifi matashi ya yi sha'awar abin da bai mallaka ba. Da a baki abin ya tsaya da ban ce komai ba, amma duk mazaunin garin nan ya san inda wannan bautar gudu ke ƙarewa: wasan mota a wajen ɗaurin aure da rakiyar amarya, inda yaro ke ɗauko motar mahaifinsa ya riƙa juya ta a shataletale yana tayar da ƙura, abokai sun fito rabin jiki ta taga suna ihu, 'yan kallo kuma sun yi dafifi a gefen titi babu abin da ya raba su da tayar motar. Na taɓa tsayawa a kan irin wannan wasa har ya ƙare da ɗan acaɓa kwance a ƙasa da karyayyar ƙafa, fasinjarsa na kuka, shi kuwa direban ko shekara ashirin bai kai ba. Wanda ya kwana yana kallon yadda ake karkata Golf R a kwana, da safe Corolla ɗin gidansu zai gwada wa, domin ita ce a hannunsa.

Abin takaicin shi ne, idan akwai mutanen da suka cancanci su yi magana a kan Golf da ilimi na ƙashin kansu, to mu ne. An ƙera fiye da miliyan 37 na wannan mota tun daga 1974, kuma ban ga inda aka more ta kamar arewacin Najeriya ba. Golf 3, wadda aka fara ƙerawa a 1991, ita ce jakin hanyoyinmu har gobe. Je ka Tashar Illela da sassafe ka ƙirga su, ko ka tsaya a hanyar Wurno da Goronyo ranar kasuwa, ko hanyar Bodinga zuwa Tambuwal da Jega: mutum biyu a kujerar gaba ban da direba, huɗu a baya, kaya a but har sama. Injinta mai lita 1.8 doki 90 kacal yake bayarwa, kimanin sulusin na GTI ta yau, amma shi ya kai mata masu naƙuda asibiti daga ƙauyuka, shi ya kwaso albasa da tattasai daga fadama, shi ya ciyar da gidajen direbobi da 'yan kamasho da masu faci da masu sayar da kayan gyara. Waɗanda suka ƙera ta a birnin Wolfsburg na Jamus sun yi ta ne domin ta yi wasu shekaru a titunan Turai a jefar, mu kuma muka karɓe ta a matsayin 'yar Beljiyam ta hanyar Kwatano muka ƙara mata shekara ashirin.

Ba ƙarfin doki ne ya ba ta wannan tsawon rai ba. Mota ce da bakanike ke iya ganin ciwonta da ido, ya ji shi da kunne, ya gyara da sifana. Idan batir ya mutu a tsakiyar daji, fasinjoji su sauko su tura, direba ya sa giya ta biyu ya saki kuloci ta tashi. Idan kulocin ya ƙone, a canza shi kafin la'asar a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. A nan ne cire giyar hannu ya shafe mu da gaske, kuma wannan dalili ne da ban ji ko mutum ɗaya a majalisar ya ambata ba. Su suna kukan rasa daɗin canza giya da hannu a kwana, wanda kukan mai ƙoshi ne. Mota mai DSG ba ta tashi da turi, kuma idan na'urar da ke sarrafa giyar ta lalace, kuɗin gyaranta kan tsaya wa talaka a wuya, in ma an sami wanda ya iya. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, da na gaya musu cewa sabuwar Golf ta gama-gari mai injin 1.5 TSI har yanzu ana samunta da giyar hannu mai hawa shida, babu wanda ya san da haka a cikinsu. Sun san nauyin salansar Golf R, amma ba su san komai ba game da samfurin da shi kaɗai ne ke da yiwuwar zama motar haya a garinsu.

Domin gaskiyar magana ita ce, motar da ake bikin fitowarta yau a Jamus, mu sai nan da shekara goma ko fiye za mu gan ta da yawa, bayan ta sha hannu biyu ko uku. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 aka kuma saki naira ta nemi farashinta, har litar fetur ta taɓa haura naira 1,000, masu iya sayen sabuwar mota a leda a jihar nan ba su taka kara sun karya ba, kuma su ɗin ma Hilux da Land Cruiser suke saye. Saboda haka tambayar da ta dace da mu ita ce: wace irin tsohuwa wannan sabuwar Golf za ta zama? Injinta na fesa mai kai tsaye cikin silinda da matsi mai tsanani, an kuma sa mata matatar hayaƙi a salansa, duka an tsara su ne a kan fetur ɗin Turai wanda sinadarin sulfa a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Ban san yadda za ta kwashe da man jarka na bakin hanya ba, wanda direban Sabon Birni ba shi da zaɓi sai shi, amma duk bakanike zai iya hasashe. Wasu samfuran na ɗauke da ƙarin batir mai bolt 48, wasu kuma irin GTE da babban batirin da ake caji da lantarki, a garin da wutar ba ta kwana. Kusan duk abin da direba zai taɓa, har da sanyaya mota, an tattara shi a allo mai shafawa da ke tsakiyar gaba, kuma mu ne muka san abin da ranar watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, take yi wa roba da gilashin motar da aka ajiye a fili. Golf 8 ɗin da aka fitar a 2019, wadda ita aka sabunta a 2024, tana sabuwa fil ma sai da kamfanin ya dakatar da miƙa ta ga masu saye na wani lokaci a 2020 saboda matsalar manhaja, kuma ƙorafin masu ita ne ya tilasta aka dawo da maɓallan gaske a sitiyarin yawancin samfuran 2024.

Na kai wannan magana wurin bakaniken da ke duba mini mota shekara da shekaru, dattijo ne da ya fara koyon sana'a tun zamanin Bitil da Fijo 504. Yana kwance a kan kwali ƙarƙashin wata Golf 3 ya saurare ni, sannan ya fito yana goge hannu da tsumma ya ce: "Malam, irin wagga mota in ta zo, mi za ni yi mata? Ko yanzu in an kawo min ta zamani sai na aika a kira yaro mai kwamfuta, shi ma rabin abin da na'urar ta faɗi ba ya gane shi." Masu cewa makanikai za su koya kamar yadda suka koyi injekta bayan kafireto ba su san abin da ya canza ba. Tun daga Golf 8, Volkswagen ya kulle wasu sassan ƙwaƙwalwar motar, ta yadda akwai gyare-gyaren da ba sa yiwuwa sai an karɓi izini ta intanet daga kamfanin. Basira da naci sun isa su koya wa mutum injekta, amma ba sa buɗe ƙofar da mabuɗinta ke Jamus. Wannan shi ne labarin da ya kamata masu kiran kansu masana mota su riƙa yayatawa da Hausa, domin ya shafi abincin dubban mutane, sai ga shi sun ɓuge da musun wace salansa ta fi ƙara.

Kuma abin kunya ne a ce a Sakkwato ake wannan. Garin nan ne ya reni Jelani Aliyu, wanda ya zana fasalin motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka, ya dawo ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023, kuma a zamaninsa aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. Shi sha'awar motarsa ta kai shi ga fensir da takarda da tambayar yadda ake ƙera abu. Ƙannensa na yau sha'awarsu ta tsaya ga maimaita abin da wani mai bidiyo ya faɗa a Landan, har da irin yadda yake yamutsa fuska idan ya taɓa robar ƙofa.

Ina so in ga wannan ƙwazo na haddar alƙaluma ya karkata zuwa inda zai yi amfani. Kwalejojin fasaha da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi su ɗauki gyaran lantarkin mota da muhimmanci, ƙungiyar makanikai ta nemi a horar da yaranta tun kafin motocin su iso, dillalai kuma su san wane inji da wace giya suke kwasowa kafin su cika mana gari da abin da zai zama kangon ƙarfe a bayan gareji. Samarin majalisarmu su ne suka fi kowa dacewa da wannan aiki, tunda suna jin Turanci, suna da waya, suna kuma son mota da gaske. Golf 3 ɗin da ke Tashar Illela mafi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara 25, kayan gyaranta na asali sai ƙara wuya suke, kuma direbobin da na zanta da su a can babu wanda ya iya gaya mini motar da zai koma wa ranar da tasa ta ƙi tashi ko da turi.