Tsofaffin ɗaliban jami'a: bayan shinkafa da hoto, me Katsina ke samu a wajenmu?

Duk shekara da an kwana biyu da sallah, kafin 'yan Abuja da Kaduna da Legas su koma bakin aiki, sai ka ga grup-grup ɗin WhatsApp na tsofaffin ɗalibai sun farka. Mutumin da ya shekara bai ce uffan ba shi ne zai fara turo "Salamu alaikum jama'a, wai ina maganar haɗuwar bana?" A kama hol, a ɗinka anko, a ci a sha, a yi ta dariyar malamin da ya addabi mutane da keri-oba, washegari kuma a loda buhunan shinkafa da katan-katan na taliya a nufi gidan marayu, a jera yara a ɗauki hoto a watsa a Facebook. Shi ke nan sai baɗi in da rai. Ni ma ina cikin irin wannan grup ɗin kuma duk shekara ina tura nawa dubu biyar ɗin, don haka da ni nake.

Shinkafar ba banza ba ce, Allah Ya ba da lada, musamman yanzu da 'yan'uwanmu na Batsari da Safana da Jibiya da yawa suka baro gonakinsu saboda 'yan bindiga suna raɓe a cikin gari. Mai jin yunwa abinci yake so. Abin da ke ci min rai daban ne. A grup ɗinmu kaɗai akwai akanta, akwai lauya, akwai ma'aikatan banki biyu, akwai mai harhaɗa magani, akwai wani da kwamfuta ce sana'arsa, amma duk ɗinmu abin da muke iya miƙa wa garin nan shi ne abin da ɗan kasuwar da bai taɓa zama a aji ba zai bayar ninki goma ba tare da ya ji a jikinsa ba. Abin da muka fi shi da shi, wato karatun, mun naɗe mun bar shi a ofis.

Kuma fa Katsina ce. Tun kafin zuwan Turawa gari ne na malamai, ga hasumiyar Gobarau nan tsaye, ga sunan Wali Ɗan Marna da Ɗan Masani har gobe a bakin mutane. A 1921 aka kafa Kwalejin Katsina, wadda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu a cikinta, a 1938 aka ɗauke ta zuwa Kaduna, daga baya ta koma Zariya ta zama Barewa, ginin nata na asali kuma yanzu gidan tarihi ne. Yau kuma muna da Al-Qalam tun 2005, jami'ar Umaru Musa Yar'adua tun 2006, ta tarayya a Dutsin-Ma tun 2011, ban da dubban 'yan jihar nan da suka yi ABU da BUK da Ɗanfodiyo. Waɗanda suka fara fitowa daga jami'o'in namu na gida sun haura shekara goma da gamawa, wasu sun kai manyan kujeru. Maganar "ai mu yara ne tukuna" ta ƙare.

In ka lura ma, tsofaffin ɗaliban sakandare sun fi mu motsi, su ne za ka ji sun gyara aji ko sun haƙa rijiyar burtsatse, wataƙila saboda kwanan ɗaki ɗaya da cin tuwon makaranta tare ya fi zaman lakca na mutum ɗari uku ƙulla zumunci. Mu kuwa da yawanmu sanin da muka yi wa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta jami'a bai wuce kuɗin da aka ce mu biya ranar karɓar takardar gamawa ba.

Inda na fi ganin asarar shi ne wajen ƙananan 'yan kasuwa. Shiga babbar kasuwa ko ka bi layin Ƙofar Ƙaura ka zauna da tela ko mai gyaran waya ko mai POS, ka tambaye shi a watan jiya nawa ne uwa nawa ne riba. Da yawa ba za su iya faɗa maka ba, kuɗin cefane da na shago duk aljihu ɗaya, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi, mutum yana cinye jarinsa yana zaton riba yake ci. Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu da ke daka yaji, wallahi yajinta har Kaduna ake aike a sayo, amma da ta kai wani babban shago suka ce ina lambar NAFDAC, ina rijistar CAC, wato hukumar rijistar kamfanoni, sai ta tattara robobinta ta dawo gida, a zatonta wannan harka ta masu kuɗi ce. Wani abokin karatuna ne ya zauna da ita da ɗanta Asabar biyu, ya yi musu rijistar sunan kasuwanci ta intanet, ya nuna musu yadda ake buɗe asusun banki da sunan sana'a, ya ja musu layi a littafin makaranta na naira ɗari biyu, nan abin da ya shigo nan abin da ya fita. Maganar NAFDAC har yanzu ana kan hanya. Amma ranar da ta ce masa "ɗan nan ashe garin tafarnuwa ne ke cinye min riba" na san Asabar biyun nan ta fi duk taliyar da muka raba bara amfani.

Kuma ba wai hanyoyin babu ba ne. Akwai SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, wadda gwamnan yanzu Malam Dikko Raɗɗa ma ya shugabanta kafin ya hau mulki, akwai Bankin Masana'antu, ana fito da tallafi da rance lokaci-lokaci, sai dai fom ɗin a intanet yake kuma da Turanci, ana neman tsarin kasuwanci a rubuce, to mai yaji ina za ta fara? Ƙarshenta waɗanda suka iya cike fom su ke kwashewa ko da ba su da ko tebur a kasuwa. Mu ne ya kamata mu tsaya a tsakani. In kuma dole sai an tara kuɗi, me zai hana rabin na shinkafar ya zama rance marar ruwa da zai riƙa zagayawa, wannan ya biya a ba wancan? Za a ce ba za su biya ba. Wasu kam ba za su biya ba, amma matan da suka shekara ashirin suna adashi ba a taɓa jin kansu ba sun san mene ne amana, kuma in mai unguwa ko liman ya shaida abin yana da wuya mutum ya yi gaba da shi.

Fasaha kuwa kusan mun manta da ita. Muna cika Ƙofar Soro ranar hawan sallah muna ɗaukar bidiyo, amma baduku da ya yi kayan dokin da maɗinkin da ya zauna wata guda a kan babbar riga ba mai tambayar ko 'ya'yansu na koyo. ABU ta ba Mamman Shata digirin girmamawa, alamar jami'a ta san darajar abin, sai dai ɗalibai nawa ne suka rubuta kundin digiri a kan makaɗa da marina da masaƙa, aka ba su maki, kundin ya kwanta a kanta yana shan ƙura? Wanda ya karanta Hausa ko tarihi yana da waya a hannu, ya je ya naɗi hirar tsofaffin nan kafin su ƙare. Wanda ya iya hoto ya ɗaukar wa baduku kayansa ya buɗe masa Instagram. A Daura baƙo ya zo ganin rijiyar Kusugu, 'yan garin da suka yi digiri a tarihi su ya fi dacewa su tare shi da labarin Bayajidda da Daurama.

Na san abin da za a ce min, cewa rabin 'yan ajin namu su ma neman aikin suke, wani da digirinsa yana tuƙa Keke Napep. Gaskiya ne, shi ya sa ma nake maganar lokaci, wanda ba shi da dubu biyar yana da yammacin Asabar. Matsalar da ta fi wannan girma ita ce rashin yarda. Mun taɓa yin ma'ajin da ya daina ɗaga waya, mun kuma ga yadda da zaɓe ya matso wani zai ba da gudummawa mai tsoka sannan ya nemi a sa hotonsa a jikin buhu. Maganin na farko sa hannun mutum biyu a asusu da tura bayanin banki cikin grup duk ƙarshen wata. Na biyun kuma sai dai a yi ta maza a ce masa Alhaji a yi haƙuri, in don Allah ne a kawo ba hoto.

Makon jiya na rubuta a grup ɗinmu cewa mu zaɓi masu sana'a biyar kacal a cikin gari, kowanne a haɗa shi da mutum ɗaya daga cikinmu na wata shida. Mutum sittin da wani abu suka karanta. Akantan ya ce a sa sunansa, wata da ke aure a Funtuwa ta ce za ta riƙa yi ta waya, wani kuma ya turo sitika ya tambaya ko an tsayar da kalar ankon bana. Mu ukun mun sa Asabar mai zuwa bayan la'asar, a shagon telan da ke bakin layinmu.