Tauraron da Ke Gaban Kalina

Malamin Duba: Ɗana, na ga ka rubuta kalma ka ɗora mata tauraro a goshi, sai ka gaya mini ko na wane buruji ne.

Ɗan Boko: Allah gafarta Malam, wannan tauraron alama ce ta masana harshe, wadda ke nuna cewa ba a taɓa samun kalmar a rubuce ba. Kalmar ita ce *kalina, sunan wani ɗan itace mai jajayen 'ya'ya da ke son bakin fadama. Rashawa da mutanen Poland suna cewa kalina, 'yan Yukren kuma kalyna, saboda haka aka kwatanta harsunan aka gano yadda kakanninsu suka faɗe ta tun kafin a ƙirƙiro haruffan farko na rubuta harsunan Slabik, dangin harsunan nan, a wajajen shekarar 863.

Malamin Duba: Wato babu wanda ya ji ta, babu wanda ya rubuta ta, amma kai da ka yi karatun shekara shida a Mosko ka san ta? Ai wannan sana'ata ce, sai dai ni a kan yashi nake zanawa.

Ɗan Boko: Da bambanci, Malam, domin mu da hujja muke aiki. Wasu masana sun ce asalinta *kalъ ne, wato taɓo, tunda itacen a jiƙaƙƙiyar ƙasa yake fitowa. Wasu kuma sun jingina ta da *kaliti, wato gasa ƙarfe a maƙera har ya yi jawur, saboda launin 'ya'yansa.

Malamin Duba: Madalla, amsa biyu ga tambaya ɗaya! Haka nake yi wa mai ciki, in ce ko namiji ko mace, kuma ban taɓa kuskure ba. To, shi taɓon, har yanzu haka Rashawa ke kiransa?

Ɗan Boko: A Rashancin yau, gafarta Malam, kal na nufin bayan gida.

Malamin Duba: Subhanallahi! Kuma ka ce mini 'yan Yukren sun mai da itacen nan alamar ƙasarsu, suna rera masa waƙa?

Ɗan Boko: Haka ne, Malam.

Malamin Duba: To, idan ɗayansu ya zo maka duba, ka ba shi ta maƙeri, ka ɓoye ɗayar, sannan ka karɓi kuɗinka tun kafin ya buɗe ƙamus.