Rajistar asibiti ba ta ƙirga wanda ya kwanta a gida

Da zarar wani babban asibiti ya fitar da alƙaluman shekara, ya ce kashi kaza na waɗanda ya kwantar masu ciwon suga ne, kashi kaza masu hawan jini, sai ka ga an ɗauki adadin an yafa wa al'umma baki ɗaya. Ni dai ina ganin a nan ake yin tuntuɓe. Rajistar asibiti tana ƙirga wanda ya iso ƙofa ne, aka ba shi gado, likita ya rubuta sunan ciwonsa. Wanda nisa ko rashin hali ya hana shi zuwa, da wanda bai ma san ba shi da lafiya ba, babu su a lissafin.

Hawan jini ya isa misali. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce manya kusan biliyan 1.3 ne ke ɗauke da shi, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Irin wannan mutum ba ya shiga rajista sai ranar da ya faɗi, a lokacin kuwa shanyewar ɓarin jiki za a rubuta masa.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan ɓoyewa. A 1946, Joseph Berkson na asibitin Mayo da ke Amurka ya duba wani ra'ayi da ya yaɗu tsakanin likitoci, cewa ciwon matsarmama na jawo ciwon suga, har wasu na cire matsarmamar da sunan magani. Ya nuna da lissafi cewa mai ciwo biyu ya fi mai ciwo ɗaya yiwuwar a kwantar da shi, don haka alƙaluman asibiti na iya nuna dangantaka tsakanin cututtukan da a waje babu abin da ya haɗa su. Kamar mai tsayawa bakin tasha ne ya rantse cewa duk mutanen gari matafiya ne. An maimaita kuskuren a 2020, lokacin da wani asibiti a Faris ya ga mashaya sigari ba su da yawa cikin masu korona da ya kwantar. Maganar ta bazu cewa nikotin, sinadarin da ke cikin taba, kariya ne, sai da gwamnatin Faransa ta taƙaita sayar da magungunan nikotin don kada jama'a su wawashe su.

Shi kansa wanda ke kan gadon ba a ƙirga shi duka. A kawo dattijo da ciwon huhu, a rubuta wannan a saman fayil. Ramar da ta sa agogonsa ke zamewa daga tsintsiyar hannu, da rikicewar da yake yi da dare yana neman cire robar ƙarin ruwa, nas ɗin dare ce kawai ta sani, sai mai jinyarsa. Sau da yawa ba sa hawa takarda, alhali su ke tsawaita kwanciyar.

Ba ina cewa a watsar da alƙaluman ba ne. Da su ake sanin gado nawa, magani nawa, ma'aikata nawa ake bukata. Kuma akwai ciwon da babu inda za a ƙirga shi sai asibiti, domin can ake ɗaukarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022, cikin kowane mutum 100 da aka kwantar, 7 a ƙasashe masu arziki da 15 a masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ke kamuwa da wata cutar a cikin asibitin, ɗaya cikin goma na waɗannan kuma ke rasuwa. Wannan adadin nake so in riƙa gani a shafin farko na rahoton kowane asibiti, kusa da yawan wuraren wanke hannu da ke aiki a ɗakunansa.