Ofishin ba da shawara kaɗai ba zai isa ba

Labarin ya ce jami'o'i za su buɗe ofishin ba da shawara ga ɗaliban da yaƙi ya koro, to madalla, amma wa zai shiga? Ƙanina yana karatun likitanci a Khartum lokacin da faɗa ya ɓarke a watan Afrilun 2023, a mota aka kwaso su zuwa iyakar Masar. Yau yana nan Gombe, amma ko tayar Keke Napep ta fashe sai jikinsa ya hau rawa, barci kuwa sai bayan asuba. Malam da ka rubuta a sama cewa haƙuri da addu'a sun wadatar, wallahi muna yi, amma yaron nan likita yake buƙata. Tsoronsa kada abokai su ce ya taɓu. Shin masu ofishin za su riƙe sirrin yaranmu?